TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Ni da Mahaukatan Sito

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da jinkirin wannan satin, aiki ne ya sha min kai. In ba ku manta ba mun tsaya ne inda na gama karatu a Liverpool, aljihu ya bushe ƙarƙaf, har na karɓi aikin gadin dare ba don raina ya so ba.

To inda aka tura ni gadin wata unguwa ce da ake ce wa Baltic Triangle, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga Albert Dock, tsohuwar tashar jirgin ruwa, can bakin kogin Mersey. A 2009 wlh ba komai a wajen sai tsofaffin sito na jan bulo, da garejin makanikai, da tantabaru. Da magariba ta yi shikenan sai kai kaɗai da iskar ruwa mai shiga har ƙashi.

Akwai wani tsoho da ke zagayowa da karensa da asuba, ya yi dako a tashar jirgin ruwa tun yana saurayi, ni dai Baba nake ce masa kuma bai taɓa hana ni ba. Shi ya ba ni labarin wajen. Sunan Baltic ɗin daga fataken da ke kawo katako ne daga ƙasashen tekun Baltic, har yanzu ma cocin matuƙan jirgin 'yan Sweden, Gustav Adolf, tana nan a Park Lane. Albert Dock kuma a 1846 aka buɗe ta, da ƙarfe da dutse da bulo aka gina ta saboda tsoron gobara, amma tun kafin zamanin kwantena jirage suka fi ƙarfinta, da zamanin ya zo kuma sai harkar ta koma sabuwar tashar Seaforth, a 1972 aka rufe ta laka ta cike ko'ina. In ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, ya ce yaro, injin ɗaga kaya ne ya cinye mana abinci muna ji muna gani.

Bayan rikicin unguwar Toxteth na 1981 ne aka fara zuba kuɗi a bakin ruwan, a 1988 aka buɗe gidan baje zane na Tate a cikin Albert Dock ɗin, 2008 kuma garin ya zama babban birnin al'adu na Turai. Amma gsky duk wannan alherin bai tsallako titi ya iso ɓangarenmu ba. Waɗanda suka iso wasu yara ne masu kaya duk fenti, masu zane da masu kiɗa da masu ɗaukar hoto, ba don tarihi suka zo ba fa, haya ce ba tsada, ga rufi can sama ga manyan tagogi, kuma ba maƙwabcin da zai ce ka dame shi. A shekarar da na fara gadin ne ma aka kafa Baltic Creative, masu gyara sito suna ba irin waɗannan haya. Ni kam mahaukata nake ce musu a raina, mutum ya kwana cikin sanyi yana shafa wa ƙyalle launi wai sana'a yake!

Ashe abincina na hannunsu. Wani dare wata baturiya tana ta fama da firam ɗin zanenta ya ƙi haɗuwa, gobe za ta kai baje koli, har ta fara hawaye. Ni kuma na ɗan taɓa kafinta ina yaro, na ce miƙo nan, na daidaita kusurwoyin na sa gam na ɗaure. Ta biya ni, ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa wani, kafin shekara uku na ajiye tocila da rigar gadi na kama ɗan lungu a sito ɗaya da su ina buga firam.

Wajen ya tashi fiye da yadda kowa ya zata. A 2017 wani mai zane, Paul Curtis, ya zana wasu manyan fukafukai a bango a titin Jamaica Street, sai ka ga mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto a daidai inda a da ko kare ba ya tsayawa. Daga nan sai benaye suka fara tsirowa ta ko'ina, kuma abin haushin, waɗanda suka tare saboda wai unguwar masu fasaha ce su ne suka fara ƙorafin ƙarar kiɗa. Baba bai ga wannan ba, ya riga ya mutu.

Wata Litinin da safe na zo buɗe shago na tarar da ambulan an turo ta ƙarƙashin ƙofa, ba ni kaɗai ba, kowace ƙofa a layin akwai irinta, daga mai ginin. Na buɗe, na karanta sabon kuɗin hayar har sau uku, sai kawai na zauna a kan benci da zarto a hannuna.

Taron da muka yi a daren da abin da baturiyar nan ta faɗa, sai sati mai zuwa insha Allah.