Bangon da na zana a miƙe

Wata biyar na yi ina lissafi a kwamfuta a nan Kumasi kafin mu tura zanen waje a sassaƙa mana, don ɗakin bincikenmu ba shi da injin zane da ilektiron. Abin da muke nema sananne ne: jeren ƙananan ginshiƙai a kan fallen kiristal na litiyam nayobet mai kaurin nanomita 600 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a haska masa leza mai tsawon zango nanomita 1550, hasken ya maƙale a cikin ginshiƙan kamar a tarko, ya fitar da haske a rabin zangon, wato nanomita 775. Yankan x muka saya, wato fallen da layin z na kiristal ɗin ke kwance a cikinsa, domin kaɗawar hasken ta bi wannan layin, inda kiristal ɗin ya fi ƙarfin sauya haske. Wannan bai ba mu wahala ba.

Bangon ginshiƙan ne ya kayar da ni. A lissafina na tsayar da shi cak, digiri 90. Litiyam nayobet kuwa ba ya yankuwa kamar silikon. Da iskar argon ake goge shi, ɓarɓashin ya koma ya manne a gefe, bango ya fito a karkace, namu wajen digiri 70. A zurfin nanomita 300, gindin kowane ginshiƙi ya ƙaru da sama da nanomita 100 ta kowane gefe. Naman ginshiƙan ya yi yawa, sai zangon da hasken ke maƙalewa ya gusa sama, ya bar lezarmu a baya. Kwana uku muna zaune a duhu, mun lulluɓe teburin saboda ƙurar hunturu, kamara ba ta ga komai ba. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Ni na ƙara tsananta shi, don na matse tarkon hasken har faɗinsa bai kai nanomita 2 ba. Bugun leza na femtosakan 100 (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na biliyan na daƙiƙa) yana da faɗin kusan nanomita 35, ko da an dace kaɗan ne zai shiga.

Malam, kafin ka zana komai, ka roƙi masu sassaƙar hoton gefen bango daga maikuroskop na ilektiron, ka sa kusurwar a lissafi. Kada ka aika zane ɗaya. Jera kamar goma a falle guda, tazarar ginshiƙai tana ƙaruwa da nanomita 5. Haka muka yi a karo na biyu, kuma zane na bakwai ne ya kama. Muka ninka ƙarfin leza, hasken 775 ya ninku huɗu.