Abin da ɗakin faifai ya koya wa kunnena

A shekarata ta biyu a gidan rediyo aka ɗora mini shirin daren Lahadi, awa ɗaya cur ta kiɗan ƙasashen waje marar waƙa. Babu mai son shirin. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya yi ritaya, ya bar mini kabad cike da faifan garmaho da kaset, yawancinsu na masu tsara kiɗa ne na ƙarni na 20, daga Turai da kuma jaz ɗin Amurka. Ni kuwa da kalangu da kukuma kunnena ya tashi, kiɗa mai amshi da kirari, wanda kana ji ka san inda ya dosa.

Faifan da na fara ɗorawa na Igor Stravinsky ne, ɗan Rasha, kiɗan rawarsa na bikin bazara. Ban kai minti biyar ba na ɗage allura. Na sami dattijon da ke kula da ɗakin faifai na ce, "Baba, wannan ai hayaniya ce, wa zai zauna ya saurara?" Ya ce sau nawa na ji. Na ce sau ɗaya, shi ma ban ƙarasa ba. Sai ya ce, "Ɗana, ba a sanin halin baƙo daga bakin zaure. Koma ka ji sau uku, sannan ka zo mu yi magana." Shi ya ba ni labarin ranar 29 ga Mayu 1913 da aka fara kaɗa wannan kiɗa a Faris, yadda 'yan kallo suka kaure da ihu da cacar baki har masu rawa suka riƙa kasa jin makaɗa.

A ji na uku na gano abin da ke damuna. Kusa da farko akwai inda masu goge ke ta maimaita sauti ɗaya, amma nauyin bugun ba ya sauka inda ƙafarka ke jiransa. Ka ƙirga ka ce nan zai faɗo, sai ya faɗo gaba ko baya. Da gangan mutumin yake kauce wa tsammaninka. Da na daina neman wurin taka rawa na koma bin sawun nauyin nan, sai na ji tsari mai tsauri a cikin abin da na kira hayaniya.

Ba kowa haƙurin nan ya sa na so ba. Arnold Schoenberg, mutumin Ostiriya, a farkon shekarun 1920 ya fito da tsarin jera sautuka 12 gaba ɗaya ba tare da an fifita ɗaya ya zama gidan da ake komowa ba. Na gane dabarar, na kuma girmama ta, amma har yau zuciyata ba ta zauna da kiɗansa ba.

Wanda ya canza mini aiki shi ne Duke Ellington, mai fiyano kuma mai tsara kiɗan jaz. An haife shi a Washington a 1899, ya riƙe ƙungiyar makaɗansa kusan shekara 50, har rasuwarsa a 1974. Sunansa ya fito ne daga 1927 a Cotton Club na unguwar Harlem a birnin New York, gidan rawar da a lokacin baƙar fata ke kaɗawa amma ake hana 'yan'uwansu shiga kallo. Baba ya nuna mini abin da ya bambanta shi da saura. Yawancin masu tsara kiɗa sukan rubuta wa kayan busa ne, kowa ya ɗauka ya busa. Ellington mutum yake rubuta wa. Ya san yadda Johnny Hodges ke jan sauti a saksofon, yana zamewa daga wannan zuwa wancan kamar ana zuba zuma. Ya san kaurin busar Harry Carney, wanda ya shigo ƙungiyar a 1927 bai bar ta ba har ƙarshe. Ya san yadda Cootie Williams ke toshe bakin ƙahonsa ya sa shi gurnani kamar mai magana, har a 1940 ya tsara masa kiɗa guda da sunansa. A takardun da yake raba musu ma sau da yawa sunan mutum ko laƙabinsa ake rubutawa a sama.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin ban da shirin dare ni ke rubuta wa masu gabatarwa uku abin da za su karanta da safe, kuma salo ɗaya nake yi musu duka. Ɗaya numfashinsa gajere ne, kullum sai ya sarƙe a tsakiyar jimlolina, ni kuma ina ganin laifinsa. Wata baiwar Allah muryarta a natse take, tana buƙatar jimla mai tsawo da za ta miƙe a ciki. Na fara zama ina sauraren kowannensu kafin in ɗauki biro. Mai gajeren numfashin na riƙa yanka masa magana gutsi-gutsi, sai ga shi ya fi kowa kaifi a kanun labarai. Wata rana ya tare ni ya ce, "Malam, me ya faru ne? Kwana biyu takardarka tana shiga bakina." Ban iya yi masa bayanin cewa wani mai fiyano na Amurka ne sila ba, na ce masa dai gyara muke.

Thelonious Monk kuwa, wani mai fiyanon jaz na Amurka, shiru ya koya mini. A rediyo shirun daƙiƙa uku ma tashin hankali ne, kowa sai ya duba ko na'ura ce ta lalace. Monk yakan buga sauti biyu masu karo da juna, ya janye hannu ya bar gurbi, kuma a gurbin nan ne kake jin nauyin abin da ya wuce. Tun daga nan, in faifai ya ƙare nakan bar amonsa ya mutu da kansa kafin in buɗe baki.

Labarin Béla Bartók ne ya fi yi mini ciwo. Shi da abokinsa Zoltán Kodály, masu tsara kiɗa 'yan Hangari, tun wajen 1906 suka riƙa bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya mai aiki da kakin zuma, suna roƙon tsofaffi da makiyaya su rera musu abin da suka gada. Bartók ya tara dubban waƙoƙi na Hangari da Romaniya da Sulobakiya, yana zama ya rubuta kowace da duk lanƙwasar muryar mai ita. A 1913, shekarar rigimar Faris, har yankin Biskra na Aljeriya ya kai da na'urarsa. Bugun kiɗansa marar daidaito da kaifin sautinsa, waɗanda ake ce wa sabon salo, daga bakin manoma ya samo tushensu.

Ina karanta wannan a bayan kwalin faifai na tuna wani tsoho mai gurmi a ƙauyenmu. Tun ina yaro nake jin sa a bakin kasuwa. Rikoda tana jakata kullum, ta fi ta Bartók sauƙi nesa ba kusa ba, amma shekara biyu ina cewa sai na je hutun Sallah. Da na je, aka ce mini ya rasu tun kafin azumi, Allah ya jiƙansa. Babu wanda ya ɗauki muryarsa, ɗansa kuma bai gaji sana'ar ba.

Yanzu duk Asabar ta biyu a wata nakan hau mota in shiga ƙauye. Na ɗauki mai kukuma, na ɗauki masu kiɗan noma, na ɗauki wasu tsofaffin mata suna waƙar niƙa. Kafin in kunna rikoda nakan nemi su yi mini sau uku ina zaune ina ji. Asabar mai zuwa akwai wani mai sarewa da aka yi mini kwatancen rugarsu, an ce ƙafa ta fara hana shi fita kiwo.