Abin da takardun biya suka koya mini game da motsa jiki

Wanda ya yi aikin tantance takardun neman biya a kamfanin inshorar lafiya ya san rayuwar mutane da yawa da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Asibiti ne ke aiko takardar, ɗauke da sunan cuta, da abin da aka yi wa majiyyaci, da lambar kowane aiki, da kuɗinsa a gefe. Naka shi ne ka duba ko yarjejeniya ta ɗauki nauyin abin, ka sa hannu ko ka mayar. Na daɗe ina wannan aiki, kuma tun da wuri na gane cewa duk abin da ba a yanka masa lamba ba, ba mai biyansa, komai amfaninsa. Motsa jiki na cikin waɗannan.

Akwai wani irin fayil da ya fi kowanne yawan zuwa hannuna. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, an gwada jininsa an ga sukari ya fara hawa, amma bai kai a kira shi ciwo ba. Can ƙasan bayanin likita sai ka ga layi guda: an shawarce shi ya rage ƙiba, ya riƙa motsa jiki. Ba kuɗi a gefen layin, ba ranar dawowa, ba sunan wanda zai tambaye shi ko ya yi. Ka buɗe shafukan gaba, shekara na bin shekara. Ƙwayar metformin ta rage sukarin jini ta shigo, sai maganin hawan jini, sai allurar insulin, sai awon ido, sai gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Wani fayil ɗin yakan kai ga wankin ƙoda sau uku a mako. Duk waɗannan mun biya, kuma haƙƙin mutumin ne mu biya. Abin da ke ci mini rai shi ne wancan layi na farko. A lokacinsa ne aka fi samun damar tare cutar, kuma shi kaɗai ne ba mu kashe wa komai ba.

Ba don ba a san amfanin abin ba ne. Tun 1953 likita Jeremy Morris da abokan aikinsa suka nuna a Landan cewa kwandastocin bas mai hawa biyu, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ciwon zuciya bai cika kama su kamar direbobin da ke zaune ba. A birnin Da Qing na ƙasar Sin an fara wani bincike a 1986 kan mutum 577 da sukarinsu ya fara hawa. Bayan shekara 6, rukunin da aka ɗora kan motsa jiki kaɗai, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 46 cikin 100.

Amma wanda ya fi tsaya mini shi ne binciken Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002. Mutum 3,234 masu irin wannan hali aka raba gida uku. Wasu aka ba su metformin, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta, wasu kuma aka sa musu buri biyu: su motsa jiki na minti 150 a mako, su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Cikin kusan shekara 3, metformin ta rage kamuwa da kashi 31, gyaran abinci da motsa jiki kuwa suka rage da kashi 58. A wajen waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, ragin da gyaran abinci da motsa jiki suka kawo ya kai kashi 71. Waɗannan alƙaluma kowa ke ambata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka kai gare su. Ba ce wa mutanen aka yi su je su riƙa tattaki aka sallame su ba. Kowannensu na da mai horar da shi, an yi musu zama 16 cikin makonni 24 na farko, ana auna su, ana duba abin da suka rubuta sun yi, wanda ya yi sanyi a neme shi. Nan na koyi cewa shawara daban, magani daban. Magani yana da adadi, da lokaci, da mai lura da shi. Da likita zai ce wa mai hawan jini ya je ya riƙa shan ƙwaya, bai faɗi wacce ba, bai faɗi nawa ba, ba wanda zai kira wannan aikin likita. Amma haka ake rubuta motsa jiki kullum.

Aiki ya taɓa kai ni sashen gyaran jiki na wani asibiti, don in tabbatar ana yin abin da ake neman mu biya. Na tarar da wani dattijo a kan injin tafiya, yana da toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, irin wadda ke sa sha-raɓa ta ɗaure da zafi in mutum ya ɗan taka. Ma'aikaciyar na tsaye gefensa da agogo da takarda. "Baba, in zafin ya yi ƙarfi ka faɗa mini mu tsaya," in ji ta. Ya taka har ya fara yamutsa fuska, ya ɗaga hannu, ta tsayar da injin ta rubuta mintocin. Ya zauna har zafin ya lafa, ta ce, "To Baba, mu koma." Ya koma. Ta nuna mini takardarsa, mintocin da yake yi kafin zafi ya tsayar da shi suna ƙaruwa mako bayan mako. Mutumin da ƙafa ke yi wa ciwo in ya taka, hankalinsa ba zai taɓa ba shi ya ci gaba da takawa ba, sai da wanda ya san cewa wannan tafiyar ita ce maganin, ya kuma san inda ya kamata a tsaya. Lokacin wannan ma'aikaciya da iliminta su ne abin biya. A Amurka, Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati don tsofaffi, ya amince a 2017 zai biya irin wannan horo, har zama 36 cikin makonni 12.

To me ya sa kamfanoni ke jan ƙafa? Na zauna a tarurrukan da ake wannan lissafi, kuma masu yinsa ba mugaye ba ne. Hujjarsu ta farko ta lokaci ce. Kuɗin horo yau za a fitar da shi, ciwon ƙodar da aka kauce wa kuwa sai bayan shekara goma ko fiye za a ga bai zo ba, kuma kafin nan mutumin ya canza aiki, ya koma wani kamfanin inshora. Kai ka shuka, wani ya girbe. Wannan gaskiya ce, shi ya sa nake ganin ba a bar wa kamfani ɗaya zaɓi ba, doka ce ya kamata ta ɗora wa kowa, yadda wanda ya fita daga hannunka da lafiya, wani mai lafiyar zai shigo maka daga hannun wani.

Hujja ta biyu ita ce ban yarda da ita ba. Da an kawo maganar rigakafi sai a tambaya, zai dawo mana da kuɗinmu? Ban taɓa jin an yi wa tiyatar zuciya ko maganin kansa wannan tambaya ba. Su abin da ake tambaya shi ne ko lafiyar da za a samu ta cancanci kuɗin. Motsa jiki kaɗai ake so ya warkar, ya kuma kawo riba. Wani lokaci yana rage kashe kuɗi, wani lokaci ba ya ragewa, domin wanda ya yi tsawon rai zai ci gaba da zuwa asibiti. Ni dai ina ganin a auna shi da mudun da ake auna sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa kai adadin motsa jikin da ake so, wato aƙalla minti 150 a mako. Ta kuma ƙiyasta cewa tsakanin 2020 da 2030 kusan mutum miliyan 500 za su kamu da cututtukan da rashin motsi ke jawowa, jinyarsu na cin dala biliyan 27 duk shekara. Wani ne zai biya wannan, kuma kaso mai yawa daga asusun inshora zai fito.

Sai dai ina da tsoro game da hanya mafi sauƙi, wato rangwamen kuɗin gidan motsa jiki da maki ga wanda agogonsa ya ƙirga taku mai yawa. Kamfanin inshora na Discovery da ke Afirka ta Kudu ya fara irin wannan tsari na lada a 1997, wasu da dama suka bi. Ba laifi ba ne, amma a duba wa ke karɓa. A Jami'ar Illinois an gwada wani shirin kula da lafiyar ma'aikata kan kusan mutum 5,000, aka tarar waɗanda suka shiga tun asali sun fi sauran lafiya da ƙarancin kashe kuɗin asibiti, shirin kansa kuma bai kawo wani canji a zo a gani ba a kuɗin jinya. Mai gudu da ma yana gudunsa. Mai ciwon gwiwa, da mai aiki dare da rana, da wadda ƙiba ta sa take jin nauyin shiga cikin mutane da kayan atisaye, su ne ke buƙata, su ne kuma rangwame ba ya isa gare su. Mafi muni shi ne a juya abin ya zama hukunci, a ƙara wa wanda bai motsa ba kuɗin inshora. Wannan ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa ne.

Akwai waɗanda suka kama hanyar da ta fi. A New Zealand tun 1998 likita na iya rubuta wa majiyyaci takardar motsa jiki, a haɗa shi da mai bibiyarsa yana ƙarfafa masa gwiwa. Sweden ma tana da nata tsarin tun farkon shekarun 2000. Medicare ya fara biyan shirin rigakafin ciwon sukari a 2018, shekara 16 bayan fitowar sakamakon wancan binciken Amurka na 2002.

Abokan aikina sukan ce ta yaya za a hana zamba, tunda kowa na iya cewa ya yi tattaki. Amsar tana cikin aikin da muke yi kullum. Ba a biyan mutum don ya ce ya yi, ana biyan ma'aikacin da ke da lasisi, bisa turowar likita da ya fara duba zuciyar majiyyacin da gaɓoɓinsa, da rajistar halarta. Sakamakon ma ana iya auna shi: gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, da awon hawan jini, da nisan da mutum ke iya takawa cikin minti 6, kafin a fara da bayan an gama. Ƙwayoyi da yawa da na sa hannu aka biya, ba mu da wata hanyar sanin ko an haɗiye su.