Jar ƙwaya da zogalen Inna

Talata, Tahoua. Da hantsi ma'aikatan lafiya suka yi sallama, suna bi gida-gida da bitamin A da maganin tsutsar ciki. Ɗiyar yayana mai wata takwas ta samu shuɗiyar ƙwayar bitamin A, ta 'yan wata 6 zuwa 11. Wanta ɗan shekara uku aka ba shi ja, wadda ta ninka shuɗiyar ƙarfi. Da almakashi ake datse bakin ƙwayar, a matse man a bakin yaro. Ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya ruga waje. Haka za a yi ta yi duk wata shida har ya cika shekara biyar.

Inna na bisa tabarma tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, maganin mi ne?" Ma'aikaciyar ta russuna: "Inna, na dundumi ne, kuma yana rage wa yaro wahala in ƙyanda ta kama shi." Sai Inna ta yi dariya, wai a zamaninsu in yaro ya fara lalube bayan magariba yana tuntuɓe da turmi, hanta ake gasa masa. Tsofaffi kuwa sun san abin da suke yi, don a hanta jiki ke tara bitamin ɗin, kuma in babu shi ido ba ya gani da almuru. In rashin ya yi nisa farin ido ya bushe, tabo mai kumfa-kumfa ya fito, daga nan sai gyambo a baƙin ido. Wannan kam in ya warke da tabo, gani na iya tafiya.

Rigimar ta tashi ne kan shanya. Mu a tsakar rana muke baza zogale. Ma'aikaciyar ta ce rana na cinye amfaninsa, wato abin da jiki ke mayarwa bitamin A, a shanya a inuwa, kuma a ci shi da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, in ba haka ba hanji ba ya ɗauka sosai. Ashe kwaɗonmu daidai yake! Batun inuwa ne Inna ta ƙi ji, wai shekarunta nawa tana shanya.

Da la'asar na leƙa kasuwa neman abinci mai bitamin ɗin. Hanta ta yi tsada, mangwaro lokacinsa ya wuce, sai na sayo kabewa da karas. Kafin in fita na lallaɓa na mayar da tabarmar zogalen zaure. Ina dawowa na tarar akuyar maƙwabta ta cinye rabi. Inna har yanzu ba ta daina yi mini faɗa ba, kuma gobe ni ce mai sayo wani.