Daren da na ninka alif

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan ɗakin gwaji, bayan shekara shida ina aikin tace ruwan sha a wani gari na jihar Gombe. Abokan aiki sun ce in bar wa yaran da za su gaje mu 'yar wasiyya. Duk ta inda na ɗauko zancen, sai ya koma kan wani dare na watan Agusta.

An kwana biyu ana tafka ruwa, ruwan kogi ya shigo mana jawur kamar kunun dawa. Wajen sha ɗaya na dare oga ya kira ni, ya ce, "Ka ninka alif, gobe muna da baƙi." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in yi gwajin kwalabe tukuna." Ya ce ba ya son dogon turanci. Gwajin nan bai fi sa'a ɗaya ba: kwalabe shida, kowace da nata ma'aunin alif, a juya da ƙarfi minti ɗaya, a juya a hankali na kwata, a bar su su kwanta rabin sa'a, a ga ma'aunin da ya fi dacewa. Kayan suna gabana a kan tebur, amma ban yi ba. Na ninka, kuma ban rubuta a rajista cewa umarni aka ba ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san abin da zai iya biyo baya. Jan nan na ruwan damina ba yashi ba ne da zai nutse da kansa. Ƙwayoyin yumɓu ne ƙanana, waɗanda girmansu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, irin da masana suke kira koloyid tun da Thomas Graham ya raɗa sunan a 1861 daga kalmar Girkanci mai nufin manne. Kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, don haka suna tunkuɗe juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyi su kwanta. Alif yana zuwa da kishiyar wannan caji ya kashe shi, sai ƙwayoyin su dunƙule su sauka ƙasa. Abin da Inna take yi ke nan a randarta a unguwar Jekadafari ta garin Gombe, ta kaɗa ɗan gutsuren alif sau uku ta cire. Ba ta taɓa barin sa a ciki ba. Idan alif ya yi yawa, sai ya lulluɓe ƙwayoyin da nasa cajin, su koma tunkuɗe juna kamar dā. Ga shi kuma yana sa ruwa tsami, ruwan sama kuwa ba shi da ƙarfin shanye tsamin.

Da asuba na ɗebo ruwa a kofin gilashi na haska shi da tocila. Hasken ya ratsa shi sambal kamar fitilar mota cikin hazo, alamar ƙwayoyin suna nan a rataye. Ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da 6, alamar ruwan ya yi tsami, alhali ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya tsakanin 6.5 da 8.5 take. Wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana loda buhunan alif ya leƙa tankin, ya ce, "Malam, wannan ba zai kwanta ba." Gaskiyarsa. Na hana a tura ruwan cikin gari, domin ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin yumɓun nan kulorin, maganin da ke kashe su, ya kasa kai musu, ga shi lokacin amai da gudawa ne. Aka zubar da tankin gaba ɗaya. Gari ya wuni ba ruwa, 'yan ga-ruwa suka ninka kuɗin jarka.

Takardar tuhuma ni ta zo wa. A gaban kwamiti oga ya ce shi cewa ya yi in "duba" alif. Rajista tana ɗauke da hannuna ni kaɗai. Aka riƙe mini ƙarin girma shekara biyu, shi kuwa aka yi masa canjin wurin aiki zuwa gaba. Laifina na amsa shi, don ni na yi karatun, ni na buɗe famfon alif ɗin. Amma har yau bai taɓa ce mini ko da "yi haƙuri" ba, kuma mun sha haɗuwa a masallacin Juma'a.

Ƙanwata, wadda take aikin jinya, ita ta rarrashe ni. Ta ce su ma da koloyid suke fama: furotin ɗin albumin da ke cikin jini shi ke riƙe ruwa a jijiya, in ya yi ƙasa sai ƙafa ta kumbura. Ta ce akwai wani ƙarin ruwa na sitaci, shi ma koloyid ne, da aka daɗe ana yi wa marasa lafiya, sai da manyan bincike na 2012 suka nuna yana lahanta ƙoda kafin aka taka masa birki.

Sauran abubuwan da zan faɗa wa yaran kaɗan ne. Ku auna kowane sabon buhun alif, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ku saurari masu lodi. Duk umarnin da aka ba ku ta waya, ku rubuta shi da lokacinsa da sunan mai bayarwa. Tun daga wancan dare na yi damina huɗu a wurin, ba a sake zubar da tanki ko ɗaya ba, kuma gwajin kwalabe na kowane dare yana nan a rajista da jan biro.