Itacen da ake girba kamar hatsi

Na samu damar ganin yadda ake girbin itacen wilo, wani itace mai saurin girma da ake nomawa don makamashi, wato a ƙona shi a samu zafi da wutar lantarki, kuma har yanzu abin bai fita raina ba. Inji ne ke bin layi, yana sare itacen daga gindi, nan take ya daddatse shi ƙanana ya watsa a bayan tirela. Kututturen kuwa ba a taɓa shi. Shi zai sake tohowa da rassa masu yawa, bayan shekara 3 ko 4 a dawo a sake sara, a haka gona ɗaya za ta kai shekara 20 ko fiye ba a sake shuka ba. Ƙasar Suwidin ta duƙufa a kan wannan noma ne bayan matsalar man fetur ta 1973.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne danshi. Da na damƙi sabon datsen a hannu, sai na ji shi jiƙe, da sanyi. Kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka jibge shi haka sai tulin ya ɗau zafi ya fara ruɓa, in kuma aka ƙona shi ɗanye, wani ɓangare na wutar a busar da ruwan zai ƙare kafin tururi ya juya injin lantarki. Shi ya sa shanya da ajiya suke da muhimmanci ƙwarai.

Damuwata ɗaya ce, kuma da gaske nake: kada a kai shi gonakin da ke ciyar da jama'a. Ƙasa mai dausayi wadda hatsi ba ya yi sosai, ita ta dace da shi.