Godiya ga waɗanda suka riƙe ni a shekarar da na maimaita aji

Alhamdulillahi, jiya da yamma sunana ya fito. Jami'a ta ba ni gurbin karatu a fannin harhaɗa magunguna, wanda shi ne zaɓina na farko. Sau uku na buɗe saƙon kafin na yarda da idona, sannan na miƙa wa Umma wayar ta karanta da kanta. Tun lokacin kira da saƙonni ba su tsaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan kowa ya gani.

Wasunku sun sani, wasu kuma yau za su fara ji: na maimaita aji biyar na sakandare. Rashin lafiya ta kwantar da ni kusan wata biyu a zango na biyu, amma ba zan ɗora wa ciwo laifin duka ba. Da na dawo na tarar an yi mini nisa a lissafi da kemistiri, kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Malami zai ce "kun gane?", in gyaɗa kai tare da kowa. Darussan nan kuwa kamar ginin bulo suke, in layin ƙasa ya karkace duk abin da aka ɗora a kai sai ya bi shi. Ƙarshen shekara sakamako ya fito da jan biro a darussa uku.

Baba ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta, ya ce, "To, yaushe ake komawa?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, alhali na san nauyin ƙarin shekara guda a kansa. Umma kuwa ita ta riƙa tashina karatun asuba, ta zauna gefena har gari ya waye don kada barci ya ɗauke ni. Baba, Umma, ba ni da bakin gode muku. Allah Ya ja kwana, Ya ba ni ikon kyautata muku.

Ranar da aka koma makaranta ita ce rana mafi nauyi da na taɓa gani. Ƙawayena sun wuce aji shida, ina jiyo muryoyinsu ta taga. Na shiga cikin yaran da bara suke gaishe ni, na nemi benci na ƙarshe na sunkuyar da kai. Sai wata yarinya ta taso daga gaba, ta ɗauki jakata, ta ce, "Yaya, dawo kusa da ni, daga baya ba a ganin allo sosai." Ba ta tambaye ni komai ba, ran nan ko bayan nan. Shekara biyu muka yi a benci ɗaya. Ƙanwata, kin san kanki, na gode.

Sai malaminmu na kemistiri. Bai ce mini "ki dage" ya wuce ba. Ya nemo takardar jarrabawata ta bara, muka zauna ya bi ta layi-layi, har ya gano cewa ba kemistirin ne ya kayar da ni ba, lissafin rabo ne ban riƙe ba. Ya koma da ni can baya ba tare da ya nuna mini gajiya ba. Ba zan manta yadda ya warware mini mol ba. Ya ce yadda dozin yake nufin abu 12, haka mol yake nufin ƙwayoyi 6.02 × 10²³, suna ne kawai na adadi. Daga nan ya rubuta yadda mol biyu na iskar haidrojin da mol ɗaya na iskar oksijin suke ba da mol biyu na ruwa, ya ba ni alli ya ce in ci gaba. Abin da ya gagare ni shekara guda, a yammacin nan ya buɗe. Malam, duk maganin da zan auna nan gaba da hannunka a ciki. Allah Ya saka da mafificin alheri.

Da lokacin neman jami'a ya zo, tsoro ya dawo mini sabo. Fom yana tambayar shekarar shiga sakandare da ta fita, nawa kuma bakwai ne maimakon shida, takardar makaranta tana nuna aji ɗaya sau biyu. Akwai wanda ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, in gyara shekarun yadda ba za a lura ba. Malamarmu mai ba ɗalibai shawara ta hana ni. Ta ce jami'a tana tantance takardu, kuma in abin da ke fom ya saɓa da na makaranta, mutum zai iya rasa gurbinsa ko bayan an ɗauke shi. Ta nuna mini cewa abin da aka fi dubawa shi ne sakamakon jarrabawar kammala sakandare, da makin jarrabawar shiga, da ko na ci darussan da fannin yake buƙata. A wurin ƙarin bayani na rubuta shafi guda cike da roƙo da neman uzuri. Ta ɗauki biro ta soke kusan duka, ta bar jimla huɗu: na yi jinya, na faɗi darussa uku, na maimaita ajin, ga makin da na samu bayan nan. Ta ce, "'Yata, ba laifi kika yi ba da za ki nemi gafara. Faɗi abin da ya faru, ki bar sakamakon ya yi magana." Ita ce kuma ta rubuta mini takardar shaida, ta matsa mini in nemi fiye da makaranta ɗaya, ta riƙa tuna mini ranar rufe kowane fom. Malama, kin ɗaga mini kai a lokacin da nake son ɓuya.

Yayana da ya yi ta zirga-zirgar haɗa takardu, da ƙawayena da suka riga ni shiga jami'a amma ba su daina turo mini tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba, da duk wanda ya sa ni a addu'a ban sani ba, Allah Ya biya ku.

Roƙo ɗaya nake da shi. Ƙanwar nan tawa da ta ɗauki jakata likitanci take nema, kuma sunanta bai fito a jerin farko ba, tana jiran na biyu. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.